Fitsarin Inji

Mas'ud ya sake fizgar igiya, injin ya ɗauki ruri, kwalekwalen ya girgiza. Ya sunkuya ya leƙa 'yar hudar da ke ƙarƙashin murfi, inda ruwa ya kamata ya tsarto. Ko ɗigo babu. Ya kashe injin da sauri.

Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, gulbi kuma ya wayi gari a cike, ya shafe hanya. Rabin garin na tsaye a gaɓa da buhuna da awaki da ƙoren nono, suna jiran mutumin da suka shekara suna yi wa dariya ya haye da su. Duk saurayin da ya je ci-rani Kwatano, babur yake dawowa da shi ko keken ɗinki. Shi Mas'ud da ya yi aiki da masunta, sai ya dawo da injin jirgin ruwa, a ƙasar da gulbi ke zama yashi mafi yawan shekara. Tun daga nan ya zama Kapitan, har a bakin jarirai in da suna magana.

"Kapitan, mu shiga ko mu yi alwala tukuna?" in ji Hambali, ƙaton da ke haye wa mutane da kaya a ka idan ruwa ya zo.

"Ba ya fitsari," Mas'ud ya ce.

"Wa?"

"Injin. Yana zuƙo ruwa ta ƙasa ya sanyaya cikinai, ya fitar ta wagga huda. In bai fitar ba, yashi ya toshe shi, ƙonewa za ya yi a tsakiyar ruwa."

Hambali ya juya ga jama'a da fuskar jimami. "Ku yi haƙuri, marar lahiya ne. A nemo mishi jiƙo."

Dariyar ba ta dami Mas'ud ba kamar maganar yayansa. Ishaku, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya riga ya yanke hukunci: in ruwan farko na bana ya zo injin bai haye da mutum ko ɗaya ba, za a kai shi Maradi a musanya da injin ban-ruwa na garka. Mas'ud ya amsa a gaban shaidu, da ƙarfin murya ma, don a lokacin rani ne, alkawari kan ruwa ba ya da tsada.

Ya kwance injin, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi garkar Ishaku yana nishi. Can ne kaɗai ake da tiyo, haɗe da wani babban tano na ajiye ruwa a kan dandamali, wanda Ishaku ke cikawa da guga daga rijiya saboda renon tattasai. Ishaku kuwa tun asuba yana gona.

Mas'ud ya rataye injin a reshen dogon-yaro. Ya ɗauko tafin tsofaffin silifa biyu da ya yanke don wannan aiki, ya rufe ramukan da injin ke shan ruwa, ya cusa bakin tiyo ta tsakiyar ɗaya, ya ɗaure da roba. Jiya ma da yamma haka ya yi, injin ya tsarta ruwa har kan ƙafarsa, ya tafi gida yana tafiyar masu jirgi. Yau ma ya buɗe famfon tanon, ya jira ruwa ya cika, ya tayar. Ruwa ya kwararo ta wajen farfela, hudar sama kuwa shiru.

Kowane masunci a Kwatano zai fara da tsokana hudar da tsinke. Mas'ud ya san haka sarai. Amma ya shekara yana wa'azi a majalisa cewa yashin gulbi ne babban abokin gaban inji, kuma mutumin da gari guda ke jira ba ya son a ce ciwonsa na tsinke ne. Ya kwance ƙafar injin, ya duba robar da ke tura ruwa, lafiyarta lau. Ya mayar, ya sake ɗura ruwa ta gaba. Ya ɗura ta baya. Ya busa da baki har kansa ya yi juwa. Rana ta take, tanon na ta sauka, garkar ta zama fadama, shi kuma zuciyarsa ta cika da tsoro irin wanda ba a gaya wa kowa.

Bayan azahar Ishaku ya shigo da hauya a kafaɗa. Ya ƙwanƙwasa tanon, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya daɗe yana kallon laka, kallon mutumin da ya san kowane guga da sunansa.

"Mas'udu, biki aka yi?"

"Yaya, ya toshe. Jiya yana fitarwa ta nan, yau ya ƙi."

Ishaku ya matso ya duba inda yake nunawa. Sai fuskarsa ta saki. "Wagga? Ai ni na gyara maka ita."

"Ka gyara mi?"

"Jiya da ka tahi masallaci na iske tana ɗiga. Abu mai tsada haka yana yoyo, ka bar shi? Ƙayar aduwa na naɗe da leda na cusa, na yanke ta daidai, ko gani ba a yi. Ban so in faɗa maka ba, kada ka ji kunya."

Babu mugunta a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ishaku mutum ne da ɗaurin da ke jikin tiyonsa ya fi tiyon yawa. Bai taɓa wuce ruwa yana zuba a banza ya bar shi ba. Mas'ud ya rasa ta inda ake zagin alheri.

Ya zaro ƙayar da bakin allurar buhu. Ishaku ya jawo ruwa ya zuba a tano yana ƙunƙuni. Da jan igiya ɗaya injin ya tsarto ruwa siriri, miƙaƙƙe, kyakkyawa.

Mas'ud ya ruga bakin gulbi don ya ce a shirya. Ya tarar ruwan ya janye zuwa gwiwa, kwalekwalensa na kwance a laka. Masu kasuwa har sun fara dawowa, tsofaffi na ratsawa riƙe da bakin zane. Hambali na tsakiya da buhun gero a ka.

"Kapitan, ya samu sauƙi? In za ka haye, hau wuyana, ni ba a wanke mini ciki."

Da Mas'ud ya koma garka, injin na ci gaba da aiki, Ishaku kuma ya jera kwandunan renon tattasai a daidai inda ruwan ke sauka, yana matsar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe ya iya ban-ruwa," in ji Ishaku. "Sai dai bakinai ƙarami ne. Gobe mu kai shi Maradi, mu amso wanda ya hi shi."

Mas'ud ya jira kwandon ƙarshe ya jiƙa, sannan ya kashe injin. Hudar ta ci gaba da ɗiga. Ya duba ƙasa, ya tsinci ƙayar cikin laka, ya goge ta a rigarsa, ya mayar da ita inda ya ciro ta.