Ɗigon Garin Shinkafa a Ƙofar Alamelu

Valarmati a Delhi ta tashi, a bene hawa na tara, inda babu ƙofar gidan da za a yi wa zane. Da suka koma garin Kumbakonam ita da mijinta Sentil don kula da tsohon mahaifinsa, sai ta tarar duk layin, gidansu kaɗai ne ba a yi wa kolam, zanen garin shinkafar nan da mata ke shimfiɗawa a bakin ƙofa kowace safiya. Tun rasuwar surukarta Alamelu bara ƙofar take haka fayau.

Tsohuwa Ponnamma, maƙwabciyarsu, ba ta raga mata ba.

"Ke 'yar birni, har yanzu makoki kuke? Ko hannun naki na danna waya ne kawai?"

"Kaka, ban iya ba ne."

"Wa aka haifa da iyawa? Jera ɗigo, ki zagaye su da layi. Amma ki tabbata bakin layin ya haɗu, kada ki bar kafa."

Washegari ta yayyafa ruwa, ta tsuguna. Garin ya riƙa zubo mata guda-guda, layin ya karkace kamar sawun maciji. Ponnamma ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

Safiyar da ta biyo baya, tana buɗe ƙofa ta ga an riga an yayyafa ruwa, an jera ɗigo farare tas, saura haɗawa.

"Kaka, sannu da aiki."

"Wane aiki? Ni da gwiwar nan?" Tsohuwar ta matso ta duba, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Daga dama aka faro jerin nan. Bahaguwa ɗaya ce ta taɓa zama a layinmu, surukarki." Ta juya gidanta.

Valarmati ta ɗebi gari. Yatsunta suka yi sanyi ƙalau, layin kuwa ya riƙa fita sumul, yana lanƙwasa inda ba ta yi nufi ba. Surukin nata ya fito dogare da sanda, ya daɗe yana kallo.

"Yau ki haɗa gahawa kofi biyu," ya ce.

Da ta gaya wa Sentil, cewa ya yi matan layin ne ke tsokanar baƙuwa, ya hau babur ya tafi aiki.

Ɗigon bai daina zuwa ba, sai dai ya bar waje. Ta same shi a zaure, alhali ƙofa na kulle. Bayan nan a tsakar gida, gefen tukunyar tulasi, tsiron nan da suke girmamawa. Ko kiyashi ba ya kusantarsa, ga shi gari ne. Ran nan da hantsi ta fito daga ɗakin girki, ta ga jerin a bakin ɗakin tsohon, ƙasan da ɗanyen ruwa.

Ta ɗauko tsintsiya za ta share.

"A'a, 'yata," in ji tsohon daga ciki. Yana zaune bakin gado, ya yi wanka, ya ɗaura farin zanensa na zuwa haikali. "Haɗa mata. Ba ta son jira, tun muna yara haka take."

"Baba, tsoro nake ji."

"Ba wurinki ta zo ba."

Ta tsuguna tana hawaye. Da ya rage taƙi ɗaya layin ya haɗu sai ta tsaya, ta ɗaga kai. Ya gyaɗa mata kai yana murmushi. Ta haɗa.

Ya ci shinkafarsa da nono da rana, har ya nemi ƙari, ya kishingiɗa. Da ta kai masa gahawar la'asar ta tarar ya riga ya yi sanyi.

Mata suka cika gidan da kuka. Ponnamma ce ta ɗauko bokiti ta wanke zanen kafin a fito da gawa, tana yi tana kawar da kai. Sentil ya tambayi matarsa ko Baba ya faɗi wani abu kafin ya cika. Ta ce ya yaba abinci. Sauran ba ta taɓa gaya masa ba.