Tafintar Hajo

Mu'minat ce ta fara lura da abin da ke damun Hajo, matar yayanta Lawal. Wata bakwai ke nan da Lawal ya ɗauko Hajo daga ƙauyen iyayensu a Zamfara zuwa unguwar Obiagu a Enugu, bayan 'yan bindiga sun ƙone garin. Hajo tana cikin yankan kuɓewa sai hannunta ya tsaya cak, ido a buɗe, a yi ta kira ba ta amsawa. In ta dawo hayyacinta ta tambayi wa ya sauke tukunya. Wata Laraba aka tsince ta a bakin kasuwar Kenyatta ba takalmi, ba ta kuma san yadda ta je ba.

An yi ruƙiyya sau uku, ba abin da ya canza. Wata nas maƙwabciyarsu ta ce a gwada wata likitar ƙwaƙwalwa a unguwar Uwani. Lawal ya ce matarsa ba mahaukaciya ba ce, sai da ƙyar ya yarda. Tunda Hajo Hausa kaɗai take ji, Mu'minat kuwa haifaffiyar Enugu ce, ita aka sa ta zama tafinta.

Dakta Obiageli ta yi tambayoyin da Mu'minat ba ta zata ba. Ko Hajo kan dubi hannunta ta ji kamar ba nata ba ne? Ko takan ga kanta daga nesa, kamar tana kallon wata? Hajo ta ɗago kai a karo na farko.

"Wa ya gaya mata?" ta tambayi Mu'minat a hankali.

Likitar ta ce wannan ba hauka ba ne. Idan mutum ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, hankali kan janye don ya cece shi, daga baya ya saba da janyewar ko babu haɗari. Ba ta tambayi abin da ya faru a ƙauye ba. Mako biyar ana koya wa Hajo ta dasa ƙafafunta a ƙasa, ta riƙe ledar ruwa mai sanyi, ta faɗi launin abubuwan da ke ɗakin duk lokacin da ta ji tana shirin ɓacewa.

A mako na shida muryar Hajo ta koma siririya. Ta fara ba da labarin "wata mata" da ta ɓuya cikin rumbu da jaririyarta, ta toshe mata baki kada a ji kukanta. Da harbi ya lafa, matar ta ɗage hannu, yarinya ba ta numfashi.

Mu'minat ta gane wace ce matar. Zazzaɓi aka ce wa Lawal ya kashe 'yarsa. Likitar ta jira ta, har ta fassara labarin yadda aka faɗe shi. Sannan likitar ta yi ta kiran sunan Hajo, tana gaya mata ranar da ake da garin da take, har idonta ya dawo.

Kafin su fita likitar ta ja Mu'minat gefe. Ta ce maganar ta Hajo ce, ita za ta zaɓi ranar faɗa da wanda za ta faɗa wa. Ta ce Mu'minat ma in tana son zama nata ita kaɗai, ta zo.

Sun tarar da Lawal a ƙofar gida ya dawo daga rumfar albasarsa.

"Me likitar ta ce yau?"

"Ta ce mu koma Talata, Yaya."

Ɓacewar Hajo ta ragu a watannin da suka biyo baya, har takan je cefane ita kaɗai. Lawal yana ta yi wa ƙanwarsa godiya. Ita kuwa ta daina zama in yana tsakar gida, kuma har yanzu Hajo ba ta ce masa komai ba.