Jar Kwalbar Curtis

Sau ɗaya na manta tukunya a kan wuta, tun daga nan 'yata Retno ta sa mini ido. Ta ce in na ƙara wani shirme za ta raba ni da kicin, in koma zaman kallon talabijin kamar sauran tsofaffin Filadelfiya. Ni da na ciyar da rabin unguwarmu a Semarang, can ƙasarmu.

Ran Asabar matan karatun Alƙur'ani za su zo gidanmu. Na ɗora semur, naman nan da ake dafawa da baƙin kecap mai zaƙi har ya yi ƙyalli. Na duba kwalba, wayam. Na aiki mijin Retno, Curtis. Yaron kirki ne, kunnensa ne dai na Amurka.

Sai ga shi da jar kwalba.

"Wannan fa?"

"Abin da kika ce ne, Ibu. Ketchup." Ibu yake ce mini, wato uwa a yarenmu.

"Kecap na ce."

"To ai shi na faɗa."

"Ɗan nan, tumatir ne wannan. Saus tomat muke ce masa. Kecap baƙi ne, da waken soya ake yi."

Ya zaro waya ya hau karanta mini. Wai kalmar tasu ma ta wajenmu ta biyo. Wai romon kifi 'yan Sin ke kira haka, Turawan jirgin ruwa suka tsince ta a tashoshinmu, suka kai gida, daga baya suka zuba mata tumatir. Rubutun ma daban ne, in ji shi.

Na ce, "Ni kunne gare ni, ba rubutu ba. Wato aro kuka yi, kuka dawo mana da kwalbar da wani abu a ciki?"

Shagon 'yan ƙasarmu da nisa, nama kuma ya riga ya yi laushi. In Retno ta ji, ba za ta ga laifin mijinta ba, cewa za ta yi tsohuwa ta rikice. Na ƙona sukari, na juye jar kwalbar, na watsa kanumfari, na yi bismillah.

Da matan suka zo, Bu Hartini, wadda bakinta ya fi wuƙata kaifi, ta ɗanɗana ta tsaya.

"Ibu, semur ɗin naki zazzaɓi yake yi ne? Ya yi ja haka."

"Haka kakata ke yin sa a ƙauyenmu. Ku 'yan birni ina za ku san shi?"

"Haba, na san shi mana! Goggona ma haka take yi."

Ta miƙo faranti a ƙara mata. Curtis ya leƙo zai buɗe baki, na watsa masa harara, ya koma.

Retno ta bar mini kicin, har tana faɗa wa mutane uwarta ta tuno girkin gargajiya. Yanzu duk Asabar shi suke nema. Ni kuwa ko a harshe ba na iya ɗora shi. Sai sun watse nake soya ƙwai in ci da shinkafa.