Gurbin Tsohon Lido

Kwalaye uku Likita ya shigo da su ranar Asabar da hantsi, ya rungumo su a ƙirji yana tura ƙofa da ƙafa. Malama, matarsa, tana ganinsu ta juya ta dubi kabad ɗin falo. Wasanni arba'in da ɗaya ne jere a ciki, na kati da na allo, kwali ya matse kwali. Wurin biyu kacal ya rage.

"Uku ka sayo?" in ji ta.

"Su suka kira ni, Malama. Ya zan yi?"

"To ina na ukun zai zauna?"

Idonsa ne ya gangara can ƙasa, ya tsaya kan tsohon lido. Na mahaifinta ne, marigayi. Kwalin ya sha salatif har ba a gane launinsa, kuma ɗaya daga cikin jajayen 'ya'yan ya ɓata tun tana firamare, maɓallin riga ke tsaya masa.

"Kada ma ka fara," ta ce.

"Ni ban ce komai ba. Doka ce za ta yi magana."

Shi ya kafa dokar da bakinsa. Sabon wasa ba ya shiga kabad sai an buga shi sau ɗaya. Wanda ya ci shi zai sa hannu a cikin murfin, kuma idan babu wuri, shi zai zaɓi wanda za a fitar. Murfi arba'in, sa hannun Likita arba'in, irin rubutun nan nasa da ko mai kemis sai ya kanne ido kafin ya karanta.

Ba abin mamaki ba ne. Duk ranar da aka sayo wasa, shi yakan kishingiɗa da ɗan littafin dokoki, ya haddace shi tas. Ita kuma a bar ta da aikin hannu: ɓalle 'ya'yan wasa daga jikin kwali, ware katuna, ƙirga su, zuba kowanne a ledarsa.

Yau ma haka aka yi. Ya kira ƙanwarsa Auta a waya ta zo ta cike hannu na uku, ya zaɓi mafi girma cikin ukun, ya miƙa wa Malama, ya zare littafin. Ta zauna a teburin cin abinci tana ware katuna, tana murmushi ita kaɗai.

"Anti, yau kuma wa za a yanka?" in ji Auta, tana cire takalmi.

"Yayanki."

"Kai! Yaya, ka ji?"

"Na ji. Bar ta ta yi mafarkinta, ba a biyan kuɗin mafarki."

Wasan mai sauƙi ne. Kowa zai shimfiɗa hanya daga gonarsa zuwa kasuwar da ke tsakiyar allo, wanda ya fara isa shi ya ci. Amma koguna biyu ne suka kewaye kasuwar, kuma ba a tsallake kogi sai da katin gada. Likita ya bayyana dokokin a tsaye, yana nuni da biro kamar mai ba ɗalibai lacca.

Aka fara. Kafin a je ko'ina ya yi musu fintinkau. Ya ja katin gada, ya tsallake kogin farko, ya miƙe hanya ɗoɗar har bakin na biyu. Auta ma ta samu ɗaya ta haye. Malama kuwa tana can baya, tana jan kati tana adanawa, tana tafiya gida ɗaya-ɗaya.

"Malama, ko in aiko miki da mota?"

"Yi gaba abinka, Likita. Ka gaishe su."

Ya ja kati. Dutse. Zagaye ya dawo, ya sake ja. Itace. Ya gyara zama, ya ja na uku, ya yi tsaki.

"Gadar tana ƙasa," ya ce. "Yanzu za ta fito."

Littafin ya gaya masa yadda ake amfani da katin gada, amma bai gaya masa guda nawa ne ba. Malama kuwa ta sani, domin da hannunta ta ware su ɗazu: biyar ne cif. Ɗaya ya tafi wurinsa, ɗaya wurin Auta. Sauran ukun suna hannunta, ta lulluɓe su da katunan itace. Biyu take buƙata. Na ukun ta riƙe shi ne don kawai kada ya koma tarin da ake ja.

Ta ajiye na farko, ta haye.

"Sa'a ce," in ji Likita.

Ta bi hanya a nutse, ta zo ta tsaya daf da shi a bakin kogi na biyu. Katunan tari suka ƙare. Ya ɗaga allon ya leƙa ƙasa, ya girgiza kwalin, ya duba ƙarƙashin tebur.

"Wannan wasan bai cika ba! An rage katuna!"

"Ya cika, ranka ya daɗe. Ni na ƙirga."

Ta ajiye gada ta biyu, ta shiga kasuwa. Sannan ta zaro ta ukun, ta ɗora masa a gaba.

"Ga taka. Ka taho a hankali."

Auta ta kife kan tebur tana dariya har da hawaye. "Yaya, shekara nawa kana ba ta ƙirga, kai kana karatu?"

Likita ya dubi katin, ya dubi ledojin da ke jere a kwali, kowacce da adadinta a rubuce da jan biron makin jarrabawa. Ya sosa ƙeya.

"Wannan ai ha'inci ne."

"Nuna min a littafin."

Ya buɗe, ya rufe. Ta miƙa hannu, ya ba ta biro. Ta sa hannu a murfin da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙasa. Sannan ta miƙe ta nufi kabad, ta wuce lido ko kallonsa ba ta yi ba, ta sa hannu biyu ta jawo ƙaton wasan yaƙin nan da ya cinye rabin kantar kabad ɗin, wanda sai an kwashe awa biyar ba a gama shi ba.

"Haba Malama! Ban da wannan!"

"Doka ce ta yi magana. Auta, riƙe, naki ne."

Ta gwada sababbin ukun a gurbinsa, ta ga har wuri zai yi saura. Ta sunkuya ta ɗauko lido, ta goge masa ƙura da gefen mayafi, ta ɗora shi a kantar sama, daidai ido.

Likita ya daɗe yana kallon ƙanwarsa rungume da kwalinsa. Sannan ya jawo wasa na biyu, ya yage ledar, ya tura wa matarsa littafin.

"Karanta. Ni zan ƙirga."