Wa Aka Yi wa Ranar Haihuwa a Gidan Nan?

"Mama, duk garin Yakima ke kaɗai kika rage mai ɗaukar wayar mutanen nan," in ji Griselda, tana juya tortilla, gurasar masara, a kasko. "Kowa ya ji 'muna binciken ra'ayi' kashewa yake. Ke kuwa har kujera kike ja. Shekaranjiya wake ya ƙone ƙurmus kina gaya wa wani ƙato ra'ayinki a kan haraji."

"Tambayata ya yi, na ba shi amsa."

"Me kika sani a kan haraji?"

"Na san ana cire min shi. Juya wancan, ya yi baƙi."

Uwar, Herlinda, ta ci gaba da aikinta. Griselda ta san dalilin ɗaukar wayar sarai, neman magana ne kawai irin na 'yar fari. Dalilin Efraín ne, autan gidan. Tun da suka yi ka-ce-na-ce da babansa a kan ya ƙi aikin gonar tuffa, ya ɗauki jaka ya fita, ya canza lamba. Daga baya matar wani ɗan'uwansu ta ce ta gan shi a garin Phoenix, can nesa. Wai aikinsa zama a wani ƙaton ɗaki da abin ji a kunne, yana kiran gidajen 'yan Latino irinsu, yana tambayar wa za su zaɓa, me ke damunsu. Kuma inji ne ke buga lambobin, ba wanda ya san gidan da zai faɗa.

Herlinda ba ta yi nisa a makaranta ba, amma wannan ba sai da boko ba. Injin da ke zaga gidaje, wata rana nata zai faɗo. Shi ya sa ta hana a cire tsohuwar wayar da ke bangon kicin. Ta amsa tambaya kan tsadar haya, ta amsa kan asibiti, ta amsa kan 'yan'uwa marasa takardar zama a ƙasar. Gaisuwar farko kawai take saurara da zuciyarta, ko za ta ji muryar Efraín, saura kuma tana amsawa ne don kada a ce gidan ba a ɗauka. Kullum da safe takan kunna kyandir gaban hoton Budurwa Maryamu, ta ce, "Uwa, ke ma kin taɓa neman ɗa."

Wayar ta yi ƙara.

"Ga samarinki nan," in ji Griselda.

Herlinda ta goge hannu a jikin siket, ta ɗauka. Muryar mace ce. Ta ja kujera.

"Barka da rana, sunana Itzel. Muna binciken ra'ayin jama'a ne. Don kada mu riƙa jin ɓangare ɗaya, ina son in yi magana da baligin da ke gidan wanda ranar haihuwarsa ta wuce kwanan nan."

Ba a taɓa yi mata wannan ba. Ta kalli firji. Sauran miyar mole da ta dafa ranar Lahadi na ciki, irin wadda Efraín yake so, mai yaji kaɗan. An ci, ba wanda ya faɗi dalilin dafa ta, har babansa da ya ƙara sau biyu.

"Efraín ne," ta ce. "Lahadin nan da ta wuce."

"To madalla. Zan iya samunsa?"

"Ya fita."

Griselda ta ajiye cokali, ta juyo.

"Yaushe zan sake kira in same shi, Mama?"

"Ai da na sani da ban tsaya a nan ba, 'yata."

Ana jin surutun mutane a bayan yarinyar kamar kasuwa. "Yi haƙuri, dole in tambaya. A gidan yake da zama? In ba a nan yake ba, sai in yi da wanda ranar haihuwarsa ta fi kusa da tasa."

"Mama, ki ce a'a mana," Griselda ta ce ƙasa-ƙasa. "Tawa ce ta fi kusa da tasa. Ba ni in sallame ta."

Herlinda ta juya mata baya. Gadonsa na nan, takalman ƙwallonsa na ƙarƙashi, ko jiya ta share wurin. Ita za ta buɗe baki ta gaya wa baƙuwa ba a nan yake ba, a rubuta?

"A nan yake. Bai dawo ba ne."

"To zan sa a sake kira."

"Tsaya. Daga ina kike kira?"

"Ba a yarda mu faɗa ba, Mama. Ana naɗar maganarmu."

"Su naɗa, ba sata na yi ba. Irin aikinki yake yi. Dogo ne, haƙorinsa na gaba ya ɗan ɓalle, in yana karatu yakan ja kunnensa na hagu."

"Mama, wuraren nan suna da yawa, mu ma a nan..."

"Na sani. Ban ce ki ba shi waya ba, kada a kore ki." Ta kasa kunne cikin surutun nan, tana tsintar muryoyin maza ɗaya-ɗaya. Tortilla na hayaƙi, Griselda ba ta motsa ba. "Don Allah, 'yata, ɗan miƙe tsaye kawai. Duba min layin mutanen da ke zaune a bayanki."