Fuskar Amarya a Layin Sharaɗa

Kwana huɗu Hajiya Kulu mai gyaran amare ta yi tana murje jikin Zaituna da dilka, har fatar ta yi laushi kamar ta jinjiri. Ita kuwa Zaituna ba ta da zance sai na mai hoton da zai zo ranar Asabar, don duk danginsu ba a taɓa yi wa amarya hoto ba.

Hajiya ta ja mata kunne. "Tsohuwar fata na cire miki, 'yar nan. Wannan sabuwa ce, ba ta san rana ba. Ko tsakar gida ban yarda ki fita ba."

Ranar Alhamis da safe Ladidi, abokiyar aikinta a kamfanin alewa na Sharaɗa, ta faɗo ɗakin tana haki. Ana rage ma'aikata, wai duk wanda bai bayyana da katinsa yau ba an sallame shi.

Zaituna ta miƙe tsaye. Angon nata ma tun watan jiya aka rufe masaƙar da yake aiki. Ta yafa mayafi ta sulale.

A kamfanin, layi har bakin titi, ba inuwa ko ta sanda. Ga mai gadi kuma, sarkin iyayi, yana zagayawa da kulki, wai kowa ya buɗe fuska kada wata ta tsaya wa wata. Dole ta buɗe.

Ƙarfe goma goshinta ya fara ƙaiƙayi. Kafin sha biyu ya koma raɗaɗi kamar an shafa barkono.

"Don Allah ki koma gida," in ji Ladidi.

"Saura mutum ashirin."

Sai bayan azahar ta isa gaban akawu. Malam Labaran ya duba katin, ya ɗago ya ga kumatu sun kumbura sun yi jajir.

"Ba ke ce amarya ba? Me ya fito da ke? Ai masu hutu ba ku cikin wannan, aikinki na nan."

Ta karɓi katinta ta juya.

A gida ta tarar da Hajiya Kulu zaune tana jiranta da kwanon lalle. Tsohuwar ta ɗaga mayafin, ta daɗe tana duban ƙurajen da suka taso a goshin. Ba ta yi faɗa ba. Ta juya wajen Ladidi.

"Je ki ce wa mai hoto kada ya zo."