Wa Zai Tayar da Jalil?

Damata ba yarinya ba ce, kuma ba mai wasa da lokaci ba ce. Doya take sayarwa a Salaga, lori-lori, kuma duk direban da ya taɓa yi mata sakaci da kaya ya san bakinta. Wasan waya kuwa jiran lori ne ya koya mata shi. Mai zaman jira dole ya sami abin yi, kuma gara wannan da gulma.

Wasan na harbi ne. Mutum uku-uku ake zubawa a wani tsibiri, 'yan ƙungiya ɗaya suna jin muryar juna, sauran ba sa ji. Wanda aka harba ba ya mutuwa nan take. Durƙusawa yake yi, sai ɗan ƙungiyarsa ya zo ya tashe shi.

Zuriyarsu ta wani fatken goro ce, ta watsu tsakanin Salaga da Yendi da Bawku, zumunci ya yi sanyi har sai an yi rasuwa ake ganin juna. Samed, ɗan wan Damata mai gyaran waya a Yendi, shi ya ƙirƙiro wa dangi gasar wannan wasa ta bayan Sallah. Bara gari da gari aka kara, 'yan Salaga suka yi wa kowa kaca-kaca, 'yan Bawku suka yi fushi. Bana sai ya ce kowace ƙungiya mutum ɗaya daga kowane gari: gwani, matsakaici, ɗan koyo. Haka Damata ta faɗa tare da Zakiya, wata jikar gidan a Yendi, da Jalil, mai harkar albasa a Bawku.

Jalil ɗanta ne na fari.

Gidansu na tsofaffin Hausawan Zango ne, masu riƙe da kunyar ɗan fari. Damata ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yaye aka kai shi Yendi wurin Awawu, yayar mijinta, ita ta raine shi. In ya zo gaisuwa, "lafiya" ce kawai, ta juya ga doyarta. Masu cewa wannan rashin so ne ba su san komai ba. Ran da ta sa abin ji a kunne, wasa ya yi zafi, Jalil ya manta tana ji, ya shiga dariya yana tsokanar Zakiya yana tsine wa sabis ɗin Bawku, sai ta gane ba ta taɓa jin yadda ɗanta yake magana in ya saki jiki ba. Daga nan duk Lahadi bayan la'asar, lokacin gwaji, ta riƙa rufe rumfa da wuri.

Sai dai a gwajin kullum su ne na ƙarshe. Za ta hango maharbi a bayan Jalil, baki ya ƙi buɗuwa, kafin ta ce "a duba baya" ya faɗi. In ya durƙusa, ga dangin da aka fitar daga wasan suna kallo, ba za ta je ta tsuguna a kansa ba. Shi ma yakan bar inda aka ajiye shi ya zo ya tsaya a gabanta yana karɓar harsashi a banza.

Samed ya kira ta tana cikin kasa doya.

"Gwaggo, kin ɓata mini lissafi. Ke ce kika fi kowa hannu, ga ku a ƙasa. Gobe zan raba ku. Jalil ya koma wata ƙungiyar."

Damata ta ajiye doyar da ke hannunta. In aka raba su, ta daina jin muryar ɗanta ke nan. Amma ba abin da za ta faɗa wa ɗan wanta ba ne.

"Kai da wayonka na gyaran waya," ta ce, "in ka sa wancan yaron a gabana, kana tsammani zai harbe ni?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Zai tsaya kamar turken akuya in kashe shi. Ka ba ƙungiyarsa gawa ke nan, 'yan Bawku su sake fushi."

"To yaya zan yi da ku? Tare ba daɗi, rabe ba daɗi. Ko in cire ɗaya?"

"Ka cire Zakiya, ka ba mu Yaya Awawu."

Ya fashe da dariya har ta janye wayar daga kunne.

"Gwaggo Awawu? Wadda ke shiga bango tana sallama? Jiya rumbu ta yi ta harbi, wai ya motsa!"

"Ita nake so. In mun sake zama na ƙarshe, ka raba mu, ba zan ce uffan ba."

Ya yarda, don waɗanda Awawu take cikinsu sun daɗe suna yi masa kuka.

Ranar gasa Damata ta zauna a kan buhu, waya cike da caji. Ana sauke su a tsibirin Awawu ta fara aiki.

"Jalilu, ka ci abinci kuwa?"

"Gwaggo, ana yaƙi!"

"Yaya," in ji Damata, "ki ce wa yaron nan akwai mutum a bayan motar can."

"Jalilu! Bayan mota, shashasha!"

Ya juya, ya kayar da shi. Saƙon da a da yake maƙalewa a wuya yanzu ya sami hanya. Da ya taho zai tsaya gaban uwarsa, Awawu ta daka masa tsawa irin wadda ya sani tun yana yawo ba wando, ya koma wurinsa.

Can wajen ƙarshe aka harbe shi a fili, ya durƙusa. Awawu ta nufe shi, ta bugi bango, ta gyara, ta sake nufa. Damata ta fito daga maɓoyarta ta tsaya a kansu tana ɓarin wuta hagu da dama. Yayar mijinta take karewa, wannan ba mai ganin laifinsa. Jalil ya tashi.

Na biyu suka zo, da ƙyar aka fi su. Ƙungiyar da ta ci ma wani ɗan Bawku ne gwaninta, don haka ba wanda ya yi fushi. Samed ya ce ƙungiyoyin nan ba mai taɓa su har baɗi.

Kafin a kashe wasan, Jalil ya yi gyaran murya.

"Gwaggo, ki ce wa Mma ta iya harbi."

"Tana jin ka, ɗan nema."

Damata ta kakkaɓe ƙasar doya daga zanenta.

"Yaya, ki ce masa ya daina tsayawa a fili. Kuma ran Lahadi kada ya makara."